Zabirar Wanzam Jatau

Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa zaluntar wani ɗan Adam kamar yadda aka zalunce ni ba. Ni, Baffa Na'Allah, wanzamin da in ya yi wa mutum gyaran fuska sai matarsa ta yi masa sallamar baƙo, wai a ce ana labarin warkewar yayana Jatau ba a ko ambaton sunana! To ku zauna ku ji.

Jatau wanzami ne, gidajen sunan da yake yi wa aiki sun fi nawa yawa, don dai ya riga ni haihuwa. Wata shekara hannunsa na dama ya fara ramewa, naman gindin babban yatsa yana rawa shi kaɗai. Na ce mataccen jini ne, na kafa masa ƙaho mai kyan gaske. Hannu ya ci gaba da mutuwa, ƙafa ma ta soma ja.

'Ya'yansa maza uku ne.

Babban, Tasi'u, shi ya lura da askar tana karkarwa ranar wani suna, ga jariri a cinyar Jatau. Ya durƙusa ya ce, "Baba, yau a bar ni in sami albarka." Ya karɓi askar ba wanda ya gane. Daga ranar shi ya riƙa zaga gidajen da sunan uban, ko ɗaya bai kuɓuce ba. Na sani, don na gwada janye su.

Na biyu, Ɗanliti, ɗan acaɓa ne. Jatau ya rantse ba zai taka asibiti ba, wai masu farar riga ba su da aiki sai zagin wanzamai. Ɗanliti ya ce masa ana neman ƙaho a birni, ya goya shi a babur, bai tsaya ba sai ƙofar babban asibiti. Ɗanliti ya sha zagi, amma shi ya yi jinyar, har abinci shi ke ba shi a baki.

A nan Jatau ya ce wa likita shi manomi ne. Likitar ta duba, ta ce alamun sun yi kama da ciwon jijiyoyin motsi, wanda ba a warkar da shi, yana bi a hankali har ya kai ga numfashi. Sai autan, Hamisu, da ya biyo su asibitin, wanda bakinsa ba ya riƙe komai, ya ce, "Wane noma? Baba ko fartanya ba shi da ita! Kullum hannunsa cikin jinin mutane yake."

"Rufe min baki, ɗan nema!" in ji Jatau.

Likitar ta ajiye biro. Ta ce akwai ƙwayoyin cuta masu shiga ta jini da kan kawo irin wannan shanyewar, kuma wasu suna jin magani. Aka auna jini, aka sami ƙwayar, aka ɗora shi a kan magani. Ciwon ya tsaya, ƙafa ta dawo. Hannun dai bai sake riƙe aska ba.

Da ya dawo gida sai ya ce zai miƙa zabirarsa, da askakenta da ƙahoninta da duk gidajen da ke bin ta. A gidanmu kuwa ba a raba zabira, mutum ɗaya ke rataya ta. Ni na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi ciwo, ba wanda ya waiwayo.

Yanzu yaran ko kwano ɗaya ba sa ci. Tasi'u ya ce ba don shi ba da zabirar ta zama jakar banza. Ɗanliti ya ce shi ya kai mai zabirar inda aka cece shi. Hamisu ya ce da ya yi shiru, da gawar manomi za a kawo gida.

To jama'a, tun da an ƙi mai ita na gaskiya, wanne cikin ukun nan zai rataya zabirar?