Tsanin Jatau da Katangar Madugu

An ce wai a wani gari na gabas an yi wata mace ana kiranta Tabawa, matar Jatau mai yaɓe, wanda duk abin da ya mallaka a duniya shi ne tsani ɗaya da 'ya'ya uku. Wata rana aka wayi gari an haura katangar Madugu Arzika, an kwashe masa turamen zannuwa. A bakin katangar can sama aka ga inda kan tsani ya goge yaɓe. A ƙasa kuma, hayin wani kwari mai zurfi da ya bi gindin katangar, aka ga gurbin ƙafafun tsanin a cikin laka.

Alƙalin garin ya yi tafiya. Sai mai unguwa ya sa aka auna katanga, aka samu kamu goma sha biyu. Aka bi gida gida, aka samu tsanin Jatau, shi ma kamu goma sha biyu. Shi ke nan, babu wanda ya ƙara tambaya, domin mutane sun fi son amsar da ba ta gajiyar da kai. Matasa suka ƙone tsanin, aka kai Jatau gidan yari, zazzaɓi ya kama shi a can, kafin wata ya mutu Jatau ya riga shi. Unguwa kuma ta ce Tabawa ta tattara 'ya'yanta ta bar garin, ba a zama da iyalin ɓarawo.

Ran da Alƙali Zailani ya dawo, Tabawa ta je da kayan takaba ta durƙusa.

“Allah ya gafarta malam, ban zo a dawo mini da miji ba. Ƙaramin ɗana ne ya tambaye ni ko gaskiya babansa ɓarawo ne, na ce a'a, ya ce to me ya sa za mu tashi? Amsar na zo nema.”

Mai unguwa ya gyara rawani ya ce, “Haba Tabawa, ki bar mamaci ya huta. Tsanin ma ya zama toka, me za a duba?”

Alƙali ya ce, “Kai ka auna shi?”

“Da hannuna, ranka ya daɗe. Sha biyu cif, daidai da katanga. Ga shaidu nan.”

“To ku riƙe wannan magana da kyau, kada wanda ya sake ta. Mu je wurin.”

Tabawa ta bi su a baya. Lakar ta bushe, gurbin na nan kamar jiya aka yi shi. Alƙali ya sa aka auna daga gindin katanga zuwa gurbin, aka samu kamu tara. Ya tsuguna ya zana layi uku a ƙasa da yatsa: ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya a jingine ya haɗa su.

“Ya ku jama'a, katanga a tsaye take, ƙasa a kwance, tsani kuwa jingina yake yi, kuma mai jingina dole ya fi kowannensu tsawo. Sha biyu sau sha biyu, ɗari da arba'in da huɗu. Tara sau tara, tamanin da ɗaya. A haɗa, ɗari biyu da ashirin da biyar, wato sha biyar sau sha biyar. Tsanin da ya taka nan ya goge can, kamu goma sha biyar ne.”

Madugu ya ce, “Malam, mu fa lissafin nan ya fi ƙarfinmu.”

“Igiya ba ta fi ƙarfinku ba.”

Aka miƙa igiya daga gurbin zuwa bakin katanga, aka auna. Sha biyar.

Alƙali ya dubi mai unguwa ya ce, “Shaidar da kuka ɗaure Jatau da ita, ita ce ta wanke shi. Igiyar nan tana rataye a gidajenku tun ranar farko, amma kuka gwammace ku rasa mutum da ku yi tsuguno ɗaya. Na yanke cewa Jatau ba shi da laifi. Kai da bakinka za ka shelanta haka ranar kasuwa, iyalinsa kuma ba inda za su.”

Mutane suka shiga cewa ƙaddara ce, haka Allah ya so, kamar yadda muka saba faɗa duk ran da lalacinmu ya kashe wani. Tabawa ba ta yi guɗa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, “Na gode, malam. Yara za su ji. Shi ne dai ya tafi bai ji ba.”

Alƙali ya sunkuyar da kai.

Masu hankali sun ce: wanda ya ƙi wahalar da kansa da awo, zai wahalar da wani da hukunci, gaskiyar da ta makara kuwa tana wanke suna, amma ba ta buɗe kabari.