Tsintuwar Ilu

Na rantse ba za ku yarda ba, amma a gabana aka yi. Mai Unguwa Sambo, mai kamfanin fiya-wata, ya ji masu duba tsafta za su zo, sai ya sa aka kirawo Ilu ɗan jari-bola.

"Kai, ƙazami! Kafin gobe kada in ga leda ko ɗaya a titi. Ban yarda ka ƙona ba, ban yarda ka binne ba, kada kuma ka kai bola. In ka kasa, na ƙwace kurarka."

"An gama, ranka ya daɗe."

Washegari Mai Unguwa ya fito, ya tarar da zaurensa maƙil da leda.

"Ilu! Wane iskanci ne wannan?"

"Tsintuwa na yi, ranka ya daɗe, ita kuwa gidan Mai Unguwa ake kawo ta. Ga shi ma ba sai an yi cigiya ba, kowace leda da sunanka a jiki."

"Kwashe min su!"

"In kai ina? Ai ka toshe ko'ina. Sai dai matan nan masu saƙa jaka da leda, waɗanda ka kora daga filinka."

Da masu duba tsafta suka iso, a filin suka same shi, ya naɗe babbar riga yana kafa wa matan rumfa.