Sunan Kawu a Ƙasan CV

Akwai wani matashi mai gyaran janareto da abokansa ke kira Injiniya. Ya daɗe a ƙarƙashin wani dattijo mai gareji, har hannunsa ya faɗa. Sai ga hukuma ta shafa wa garejin jan fenti, za a rushe, ga matarsa da tsohon ciki.

Ana cikin haka wani kamfanin ruwan roba ya nemi mai kula da injina. Injiniya ya zauna ya tsara CV mai kyau: shafi ɗaya, duk injin da ya taɓa gyarawa ya rubuta shi, babu ƙarya ko ɗaya. Da ya iso wurin sunan wanda zai tsaya masa, matarsa ta leƙo.

"Sa maigidanka mana. Shi ya san aikinka."

"Wa zai kula sunan mai gareji? Kawu zan sa, tsohon darakta ne."

"Ka gaya masa?"

"Wan mahaifiyata ne fa. Har sai na nemi izini?"

Ranar ganawa ya burge su. Manajan ya ce abin da ya rage kawai su kira wanda ya tsaya masa. Injiniya ya dawo gida bakinsa har kunne.

Daga nan shiru. Waya ko tari ta yi sai ya zabura ya duba. Da jiran ya ishe shi, ya wanke ƙafa ya tafi gidan Kawu.

A bakin ƙofa ya ci karo da ɗan Kawun, wanda ko fulogi bai iya canzawa ba, sanye da rigar aikin kamfanin, sabuwa dal.

Kawu na kishingiɗe a falo, ko tashi bai yi ba.

"Sun kira ni," in ji shi. "Na ce ban taɓa ganin ka riƙe sifana ba. Ƙarya na yi?"

Kawu bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Sai na tambayi wane irin aiki ne. Ashe manajan tsohon yarona ne. Ka ga ƙaninka ya daɗe a zaune. Ai duk gida ne, Allah ya yi maka albarka da ka kawo mana labari."

Injiniya ya miƙe, yana tunanin da wane baki zai gaya wa matarsa.

"Af," Kawu ya ƙara, "ka riƙa leƙowa da yamma kana nuna masa kan injin. Kada ya ba mu kunya."

Darasi: Kada ka sa sunan mutum a CV don girman muƙaminsa. Sa wanda ya ga aikinka da idonsa kuma yake son ci gabanka, sannan ka nemi yardarsa tukuna. Ku tura wa duk mai neman aikin da kuka sani, kafin ya miƙa takardunsa.