Tarwaɗar da Ta Raina Man Kanumfari

An yi wata Tarwaɗa a kwamin kiwon kifi na Malam Barau, mai girman kai kamar ita ta haƙa kwamin. Maƙwabciyarta Karfasa ce, baiwar Allah mai haƙuri. A bakin ruwa kuma akwai Kwaɗo, sarkin surutu, wanda ba a cika kula maganarsa ba.

Da zafi ya shigo, sai Malam Barau ya fara cuɗa abincin kifin da man kanumfari da na tafarnuwa. Tarwaɗa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne? Yaji a bakin 'ya'yana?"

"Yaya Tarwaɗa, magani ne," in ji Kwaɗo. "Da kunnena na ji Malam na cewa man nan yana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa gyambo."

"Rufe mana baki, mai idanu a waje! Yaushe ka zama likita?"

Karfasa ta ce, "Ni dai nawa za su ci, ko suna kuka."

"Ku ci mana! Da ma ina kuka san daɗi?"

Tarwaɗa ta kora 'ya'yanta can bakin magudana, inda ruɓaɓɓen hanjin kaji ke gangarowa. Suka ci suka yi ɓul-ɓul, ita kuwa sai gori take wa Karfasa.

Ba a daɗe ba jajayen gyambuna suka feso musu. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tasowa saman ruwa, ciki a sama, Malam Barau yana kwashewa da raga. 'Ya'yan Karfasa kuwa ko ƙwarzane babu.

Da ya rage saura autanta, hankalin Tarwaɗa ya tashi. Ta ajiye girman kai, ta ciko bakinta da abincin nan mai yaji, ta kawo masa a guje.

"Ci, ɗana. Don Allah ka ci."

Auta ya dube ta da ƙyar, ya kau da kai.

"Inna, ai ke kika ce ba abincin irinmu ba ne."

Ta yi lallashi, ta yi magiya, bai buɗe baki ba. Kafin Malam ya zagayo, shi ma ya taso sama. Baƙin ciki da nadama suka rufe ta, ta tsaya a ƙarƙashinsa, abincin na narkewa a bakinta.

Darasin wannan labari shi ne, kada ɗaci ya sa mu raina magani, kada kuma raina mai magana ya hana mu jin gaskiya. Girman kan babba, yara ne ke fara shan wahalarsa.