Eriyar da Aka Kwantar

Akwai wata mata mai suna Wiebke, wadda ke duba jirage a ƙaramin filinmu na ciyawa a kudancin Jamus, inda 'yan ƙungiya ke tashi da jirage marasa inji. Shekara tara tana wannan aiki. In ba ta sa hannu ba, jirgi ba ya barin ƙasa.

Shugaban ƙungiyar kuwa Gundolf Reitmaier ne, dattijon da ya shekara arba'in yana tuƙi, kuma ba ya bari a manta da hakan ko na minti ɗaya. Matarsa Irmgard ma matuƙiya ce, sai dai ita ba ta da surutu.

Kowane jirgi yana da wata 'yar na'ura da ke sanar da matuƙi in wani jirgin ya kusato shi. To, sabon jirgin Gundolf ya zame wa mutane fatalwa. Sai sun gan shi da ido kafin na'urarsu ta ji shi.

Ranar wata Lahadi da safe, bayan Irmgard ta tashi da nata jirgin, Wiebke ta duƙufa kan na Gundolf. Ta duba batir, lafiya. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta saki. Da ta ɗaga murfin gaban kujera sai ga eriyar na'urar kwance, an manne ta da salatif a ƙarƙashin murfin kabon, abin da sigina ba ya ratsawa.

"Herr Reitmaier, wa ya kwantar da wannan?"

"Ni ne. Tana tare mini gani, ga muni. Ke ba ki ga koriyar fitila ba?"

"Koren cewa yake na'urar a kunne take, bai ce ana jinka ba. Mutum na iya ihu da kansa cikin tulu."

Mutanen da ke shan kofi a bakin rumfa suka yi dariya, abin da ya ƙara tunzura shi ke nan.

"Yarinya, ina sama tun kina rarrafe. Idona ya ishe ni. Sa hannu!"

"Ba zan sa ba."

"To ni zan tashi haka nan."

Wiebke ta juya. Ta je ta naɗe igiyar da ake jan jirage da ita su tashi, ta ajiye a kan ciyawa, ta yi zamanta a kai. Jirage huɗu na layi, iska mai kyau tana wucewa, wasu suka fara gunaguni. Ko gezau ba ta yi ba.

"Sararin nan ba gonarka ba ne, Shugaba. In ka ga dama ka ɗaga ni da hannunka."

Gundolf ya yi jajawur. Da ya ga ta kafe kai da fata, sai ya ce, "Gyara! Amma ki ba ni makullin ɗakin gyara. Daga yau kin bar aikin nan."

Maganar ta soke ta, don filin nan shi ne rabin rayuwarta. Duk da haka ta ciro makullin ta miƙa masa. Ta fito da eriyar saman murfi, ta tsayar da ita cak, ta gwada, sannan ta sa hannu. Aikin minti goma ne.

Da la'asar Gundolf yana sama, yana bin gefen dutse, rana ta haske masa ido. Kwatsam na'urar ta fashe da ƙara, jar fitila na nuna hagu. Ya duba, bai ga komai ba. Ya karkata dama da ƙarfi, sai ga farin fiffike ya gifta ta inda yake daƙiƙa uku da suka wuce, shi ma yana kaucewa.

Rediyo ya yi ƙara, wata murya ta ce, "Gundolf, kai ne? Ban gan ka ba, na'ura ce ta gaya mini."

Muryar Irmgard ce.

Da ya sauka, ya daɗe a kujera bai fito ba. Daga baya ya tako har inda Wiebke ke haɗa kayanta a kwali, ya ajiye makullin a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Eriyar ta tare maka gani?" in ji ta.

Ya waiga inda matarsa ke cire hular rana, ya ce, "Bar ta a tsaye."

Darasi: Girman kai ba ya kashe mai shi kaɗai, yakan haɗa da wanda ya fi so. In ka tabbata kana kan gaskiya, ka tsaya ko za a ƙwace makullin hannunka. Ku tura wa duk wanda kuka san ana matsa masa ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba.