Shugaban Teloli da Yadin da Ya Zuba

A wani dogon gini da ke bakin kasuwa akwai shagunan ɗinki sama da sittin, kuma telolin da ke cikinsa suna da ƙungiyarsu. Shugaban ƙungiyar mutum ne mai hannu a ɗinki, mai zafin nama a aiki. A gida Auta ake ce masa, a ginin kuwa kowa Shugaba yake kiransa. Ba ya cin amana, ba shi da lalaci. Aibinsa guda ne: ba ya jure a ce masa ya yi kuskure. In aka gyara masa magana a gaban mutane, sai ya wuni yana taka keken ɗinki kamar da shi suke faɗa.

Da ƙuri'a ya hau, kuma ya cancanta. A shekararsa ta farko ya sa aka gyara rufin da ke yoyo a kan yaduka, ya tsaya tsayin daka har aka jawo wa ginin wutar lantarki. Mutane suka yi ta yabonsa, shi ma yabon ya yi masa daɗi.

Dokar ƙungiya ta ce a yi taro kowane wata, a yi zaɓe duk bayan shekara uku. Taron nan ne ya fara isar Shugaba, saboda wani mai sayar da maɓalli da zare da ake wa laƙabi da Rediyo. Rediyo ba ya barin magana ta wuce shi. Kullum hannunsa a sama, yana tambayar wa ya yanke wannan, yaushe aka amince da wancan.

"Surutu ba ya ɗinka riga," in ji Shugaba wata rana. "Daga yau sai in akwai dalili za a kira taro."

Kowa na da aiki a gabansa, saboda haka ba wanda ya damu. Bayan wata biyu aka cire allon da ke bakin ƙofa, inda mutane ke manna ƙorafinsu, wai yana ɓata kyan gini. Da lokacin naɗa kwamitin zaɓe ya zo, sai aka ga sunan surukinsa da na abokansa biyu. Shi a ransa bai ga laifin komai ba. Yana ganin gina ƙungiya yake yi, masu magana kuwa jan ƙafarsa suke yi.

Yayarsa, wadda ta koya masa riƙon almakashi, tana da shago a ƙarshen layi. Wata safiya ta leƙo shagonsa da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Auta, ina taronmu ya shiga?"

"Yaya, ai ku kuka zaɓe ni. Ku bar ni in yi aiki mana."

"Mun zaɓe ka, ba mu sayar maka da bakinmu ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Ya yi dariya, ya ce tsufa ne ya fara kama ta. Ta dube shi kawai ta koma shagonta.

Da wa'adinsa ya rage wata ɗaya, sai ya sa aka sanar cewa an ɗage zaɓe, domin ƙungiya ta samu babban aiki: wata makaranta ta ba su ɗinkin kayan ɗalibanta gaba ɗaya, kuma bai kamata a raba hankali ba. Rediyo ya tsaya a tsakiyar gini ya ce wannan ya saɓa doka. Washegari ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofar shagonsa, da takarda cewa ya zubar da mutuncin ƙungiya. Teloli suka tsaya suna kallonsa yana kwashe kwalayensa zuwa bakin titi. Wasu suka ce a ƙasa-ƙasa, "Shi ma bakinsa ya yi yawa." Wasu suka sunkuyar da kai a kan kekunansu.

Tun daga ranar gini ya yi tsit. Shugaba na wucewa sai gaisuwa da "ranka ya daɗe". Ya ɗauka zaman lafiya ne ya samu.

Shi da kansa ya zaɓo yadin makarantar, shuɗi mai sheƙi. Duk telan da ya taɓa shi ya san ba shi da kyau, don rininsa na kama yatsa tun kafin ya ga ruwa. Wani ya dubi maƙwabcinsa, maƙwabcin ya dubi wurin da shagon Rediyo yake a kulle, kowa ya ja bakinsa ya yanka yadi. Yayarsa ta je sau biyu za ta gaya masa, surukinsa ya tare ta a ƙofa ya ce Shugaba na da baƙi. Mako uku kekuna suna ruri, aka gama aiki aka kai.

Wankin farko yadin ya zuba. Fararen kwalolin riguna suka koma shuɗaye, rigunan suka yi dabbare-dabbare. Shugabar makarantar ta sa aka dawo da kayan a buhuna, aka jibge su a tsakar gini, ta ce ba ta ƙara aiki da ƙungiyar.

Shugaba ya fito ya tsaya a kan buhunan. "Duk cikinku ba wanda ya ga yadin nan ba shi da kyau?"

Can sai yayarsa ta tako a hankali ta tsaya gabansa.

"Kowa ya gani, Auta. Mutum sittin, ido ɗari da ashirin. Amma wanda zai faɗa maka yana bakin titi da kwalayensa. Ka ɗinke bakin mutane, yanzu kuma kana tambayar me ya sa ba su yi magana ba."

Ta juya ga sauran. "Ku ma kada ku ji daɗi. Ranar da aka hana taro muna nan. Ranar da aka cire allo muna nan. Ni ma sau ɗaya na yi magana na koma ɗinkina."

Maganar ta shige shi fiye da asarar. Ya dubi fuskokin mutanen da suka taɓa ɗaga shi sama ranar da ya ci zaɓe, ya ga ba ƙiyayya a cikinsu, tsoro ne kawai. Bai taɓa nufin a ji tsoronsa ba. Ya koma shagonsa ya zauna, bai taɓa keke ba har rana ta yi sanyi.

Da safe ya ɗauki makulli ya fita bakin titi, inda Rediyo ya baza maɓallansa a kan tebur.

"Na zalunce ka. Ga makullinka. Ka yafe mini."

Rediyo ya karɓa ya jujjuya shi a hannu. "Na yafe. Amma ka sani, bakina bai mutu ba."

"Shi nake nema," in ji Shugaba.

A makon aka kira taro, zaure ya cika har waje. An gaya masa maganganu masu ɗaci, ya zauna ya saurara, ko da yake sau biyu ya ji kamar ya tashi ya fice. Aka rushe kwamitin zaɓe, aka naɗa sabo ta hanyar ɗaga hannu. Aka ƙara a doka cewa ba shugaban da zai ɗage zaɓe ko ya rufe shagon wani sai taro ya yarda. Ya sake tsayawa takara, ya faɗi da tazarar ƙuri'a tara a hannun wata mai ɗinkin kayan yara. Shi ya fara tashi ya taya ta murna.

Sabuwar shugabar ta roƙe shi ya raka ta makarantar. A can ya buɗe baki ya ce laifin nasa ne, ba na teloli ba. Shugabar makarantar ta ce su kawo samfurin sabon yadi, ita da kanta za ta wanke shi ta gani. A zangon da ya biyo baya aikin ya dawo hannunsu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mulkin kama-karya ba ya shigowa da ganga. Kaɗan-kaɗan yake shigowa, sau da yawa ta hannun mutumin kirki da jama'a suka zaɓa da kansu: yau a ɗage taro, gobe a rufe bakin mai ƙorafi, jibi a ce zaɓe ya jira. Shugaban da ya hana a gyara masa ya rufe idon kansa, jama'ar da ta yi shiru kuwa tana da nata kason laifin. Amma muddin akwai mai faɗin gaskiya da mai iya jin ta, abin da ya karkace yana miƙuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.