Randar Tasalla

A zamanin da giwaye ke kiwo a inda kasuwar Kwarin Dogara take yanzu, wani maharbi mai suna Dogara ya bi sawun gwanki har gindin wani dutse, ya tarar da idon ruwa mai sanyi. Nan ya rataye kwarinsa, ya haƙa rijiya, mutane suka taru aka yi gari. Sun ce ranar da ya rasu, guga bai taɓa ruwa ba sai da aka binne shi.

'Ya ɗaya ya bari, Tasalla, maginiyar tukwane, mace marar yawan magana. Tana gani gari ya cika, soraye suka tashi, kowa kuma rijiyar nan yake ja. Da ita ake sha, da ita ake wanki, da ita ake kwaɓa ƙasar gini, har jakuna da ita ake shayar da su. Haba, wace rijiya ce za ta iya! Kowace bazara sai an ƙara wa guga igiya, har aka kai ga kwaso laka. Dattawa suka yanke cewa da an girbe gero za a tashi a bar garin. Tasalla ta ji zafin maganar nan ƙwarai, don kabarin ubanta na bayan ɗakinta.

To, a al'adar maginan wurin, indararo waje yake kallo, domin ruwan soro ruwan banza ne a wurinsu, na kan hanya. Tasalla ta je ta sami Sarkin Magina Nomau ta durƙusa.

"Baba, so nake ka juyo mini indararona cikin gida."

Nomau ya ce, "'Yar Dogara, lafiyarki kuwa? Ruwa korarsa ake yi daga jikin gini, ba a gayyato shi."

Ta ce, "In katangar ta faɗi, tawa ce."

Ya juya mata, yana yi yana tsaki. Ta haƙa rami a ƙarƙashinsa, ta shafe shi da katsi, tokar nan da ake kwasowa daga marina, har ya daina tsotse ruwa. Ruwan farko da ta tara ya zo da ƙurar soro da kashin tantabaru, ya yi ta wari, gari ya sha dariya. Ta kwashe ta zubar, daga nan ta riƙa barin na farko ya wuce. Kafin kaka raminta ya cika, gidanta bai ƙara jan rijiya ba sai don sha da girki. Maƙwabta suka kwaikwaya, masu dariyar ma suka bi sahu a ɓoye. Dattawa suka ɗaga tashi zuwa baɗi, aka kafa doka: ruwan rijiya na baki ne kaɗai. Baɗi ta zo, aka rage wa guga igiya. Tasalla mai juya indararo, ta hana sama ɓarna!

Ta tsufa, ta rasu a ƙarshen wata muguwar bazara, ramuka duk sun ƙafe. Mata suka ɗauki tuluna za su rijiya, suna cewa ai ba a yi wa 'yar mai rijiya rowar ruwan wankan gawa. Dattawa kuwa sun san in aka karya dokar yau, gobe kowa zai zo da nasa uzurin, a koma maganar tashi. Ana cikin haka wata mai share ɗakin marigayiyar ta ɗaga tabarma a lungu, sai ga randa binne har wuya, an liƙe bakinta da yumɓu. Aka fasa liƙin, ruwan sama ne garau, ga ƙwarya sabuwa da likkafani a naɗe gefe. Matan suka ajiye tuluna.

Har yau indararon Kwarin Dogara ciki yake kallo, kuma duk gidan da ka shiga akwai randa guda a liƙe a lungu. Ko yaro ba ya tambayar ta mece ce.